Gasar fentin 'yan mitsi-mitsin sojojin sararin samaniya da ake cin takobi a cikinta

Tsawonsa bai fi santimita 3 zuwa 4 ba. Kansa bai kai ƙwayar wake ba, idonsa kuwa ƙwayar gero ta fi shi girma.

Duk da haka akwai magidanta da matasa, maza da mata, a Ingila da Jamus da Sifaniya da Amurka, da kan shafe makonni, wasu ma watanni, suna duƙe a ƙarƙashin fitila suna yi wa wannan ɗan mutum-mutumin roba fenti.

Wasu na yi ne don su shiga ƙaramar gasar da ƙungiyar unguwarsu ko shagon da suke sayen kaya ya shirya. Wasu kuma idonsu na kan Golden Demon, gasar da ta fi kowacce suna a wannan fage, wadda zakaranta ke tafiya gida da takobin ƙarfe na gaske.

A shekarar 2024 wannan gasa ta faɗa cikin wata taƙaddama da ta sa masu fentin suka koma tambayar kansu: wai shin me ake aunawa a nan, kyawun abin da ido ya gani, ko wahalar da hannu ya sha?

Yaƙi a kan teburi

'Yan mutum-mutuman kayan wasa ne. Mutum biyu kan jera rundunoninsu a kan teburi, su auna tazara da tef ɗin awo, su jefa ƙwayoyi irin na ludo don sanin wanda harbinsa ya samu. Wasa ɗaya kan ci sa'o'i.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Warhammer 40,000, wanda ya fito a 1987. Labarinsa na ƙirƙira ne, kan yaƙe-yaƙen da ake gwabzawa tsakanin duniyoyi nan da kusan shekara dubu 40 masu zuwa, tsakanin bil'adama da wasu halittu.

Kamfanin Games Workshop ne ke yin sa. Wasu abokai uku, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa shi a Landan a 1975, daga baya ya koma birnin Nottingham, inda hedikwatarsa da masana'antarsa suke har yau. A watan Disamban 2024 kamfanin ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannayen jari ta Landan. Sana'ar da wasu ke wa kallon wasan yara ke nan.

Akwai wasu wasannin na sararin samaniya, irin su BattleTech da Star Wars: Legion da kuma Infinity na wani kamfanin Sifaniya. Abin da ya haɗa akasarinsu shi ne, ba a sayar da sojojin da launi. Da yawa daga cikinsu suna zuwa ne gutsattsari, ruwan toka, maƙale a jikin firam ɗin roba. Mai saye ne zai yanke su, ya kankare, ya haɗa da gam, sannan ya yi fenti.

Tulin abin kunya

A nan ne gizo ke saƙar. Saye ya fi fenti sauƙi, don haka da wuya a samu mai wannan sha'awa da ba shi da kwalayen da ya saya bai taɓa ba. Su da kansu suna kiran wannan tarin da "tulin abin kunya".

Ƙananan gasa da ƙalubalen wata-wata sun samo asali ne daga wannan matsala. Tsarin ba shi da wuya: a ba da jigo, a sa wa'adi, kowa ya nuna hoton mutum-mutuminsa tun yana ruwan toka don a tabbatar sabon aiki ne, sannan a ƙarshen wa'adi a baje kolin abin da aka yi. Sau da yawa kyautar ba ta wuce kwalbar fenti ko buroshi ba. Wa'adin ne ke tayar da mutum daga kujera.

Shi ma kamfanin ya saka hannu. Tun daga 2020, dokokin wasan Warhammer 40,000 na gasa suna ba da maki 10 ga wanda ya zo da rundunarsa da cikakken fenti. A 2019 kuma ya fitar da wani nau'in fenti mai suna Contrast, wanda ke gangarawa cikin lunguna ya yi duhu, ya bar tudu da haske, ta yadda shafa ɗaya za ta wadatar da mai gaggawa.

Lokacin kullen korona ya ƙara wa abin kasuwa. A watan Afrilun 2020 jarumin fina-finai Henry Cavill, wanda ya fito a matsayin Superman, ya wallafa hotonsa a Instagram yana fentin hular wani ɗan sojan Warhammer, abin da ya cire wa mutane da dama kunyar bayyana cewa su ma suna yi.

Yadda ake zana sama a kan mayafin da bai fi farce ba

Idan jigon gasa ya zama sararin samaniya, to an zo wurin da ake gane gwani.

Matsalar farko ita ce haske. Abu ƙarami ba ya yin inuwa yadda babba ke yi. Idan aka shafa wa ɗan soja shuɗi kawai, zai fito tamkar ledar da aka dunƙule. Dole mai fenti ya zana hasken da inuwar da hannunsa: ya yanke shawarar daga ina haske ke zuwa, ya duhunta ƙasan hannu da bayan gwiwa, ya bi kowane gefen sulke da siririn layi mai haske.

A sararin samaniya kuwa babu iskar da za ta warwatsa haske, shi ya sa hotunan 'yan sama jannati ke nuna ɓangare ɗaya fari tas, ɗayan baƙi ƙirin. Masu neman burge alƙalai kan kwaikwayi wannan, su bar rabin jikin sojan cikin duhu, wanda ba ƙaramar kasada ba ce ga wanda ya sha wahalar fente kowane maɓalli.

Sai dabarar da suke kira ƙarfen da ba ƙarfe ba. Akwai fenti mai ƙyalli a kasuwa, amma gwanaye da yawa sukan ƙi amfani da shi. Da ruwan ƙasa da rawaya da fari zalla za su zana zinariya, da toka da shuɗi da fari su zana azurfa, su sa ɗigon fari daidai inda hasken zai bugi ƙarfen gaske. Masu zanen Turai na ƙarnonin baya haka suke yi a kan kyalle. Bambancin shi ne kyalle shimfiɗaɗɗe ne, shi kuwa mutum-mutumi ana juya shi, kuma dole yaudarar ta riƙe ido ta kowace fuska.

Akwai kuma hasken da ke fita daga jikin wani abu, kamar bindiga mai ƙyallin shuɗi ko takobi mai ci da wuta. Babu batir, babu ƙwan fitila. Mai fenti ne zai lissafa inda hasken zai sauka a kan ƙirji da haɓa da ƙasa, ya sa shi yana raguwa yayin da yake nisa da tushensa. Kuskure kaɗan, sai ya zama kamar fenti ne ya zube.

Zanen taurarin kansa ya fi sauƙin bayani. A kan fara da baƙi ko shuɗi mai duhu, a dangwala shunayya da ja da tsanwa da gutsuren soso ko ƙaramar bindigar feshi don a samu kamannin gajimaren ƙura, sannan a tsoma tsohon buroshin goge haƙori a farin fenti a fantsama. Manyan taurari kuwa da tsinin buroshi ake ɗiga su ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan da fentin akirilik ake yi, wanda ake tsinkawa da ruwa sosai. Fenti mai kauri kan cike ƙananan sassaƙa ya kashe fuska, shi ya sa ake shafa shi siriri sau da yawa. Buroshin da ƙwararru suka fi so kuwa ana yin sa ne da gashin wutsiyar wata ƙaramar dabbar daji ta yankin Saiberiya, saboda tsininsa ba ya tarwatsewa.

Wani abin sha'awa shi ne inda ake samo launukan. Da yawa kan duba hotunan na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb. To amma James Webb, wadda aka harba a ranar 25 ga Disamban 2021 kuma aka fitar da hotunanta na farko a Yulin 2022, tana ɗaukar wani nau'in haske ne da idon mutum ba ya gani. Ƙwararru ne ke zama su ba kowane zangon hasken launin da ido zai iya gani. Wato dai shuɗi da ruwan goron da mai fenti ke kwaikwaya, su ma wani ne ya zaɓe su.

Takobin Golden Demon

An fara Golden Demon, wato Dodon Zinariya, a Birtaniya a 1987. An dakatar da ita lokacin korona, ta dawo a 2022, kuma a 'yan shekarun nan an gudanar da ita a taron AdeptiCon na Amurka da kuma baje kolin wasanni na birnin Essen a Jamus.

Gasar na da rukunoni: mutum-mutumi guda, ƙaramar runduna, motar yaƙi ko jirgi, fafatawar mutum biyu, da kuma cikakken fage mai ba da labari. Akwai rukunin yara. Kowane rukuni na da kyautar zinariya da azurfa da tagulla, sannan a zaɓi aiki ɗaya da ya fi duka a ba mai shi takobin da ake kira Slayer Sword.

Ba hoto ake turawa ba. Mutum kan ɗauko aikinsa, wani lokaci daga wata nahiyar, yana kaffa-kaffa da shi a cikin jirgi, ya miƙa a saka a akwatin gilashi. Alƙalai kan duba shi kusa-kusa ta kowane gefe. Layin haɗin roba guda da aka manta ba a kankare ba ya isa ya kayar da aikin sa'o'i ɗaruruwa.

Rigimar 2024

A watan Maris na 2024, a gasar da aka yi a AdeptiCon kusa da birnin Chicago, ɗaya daga cikin ayyukan da suka ci zinariya ya tayar da ƙura. Shi mutum-mutumin da hannu aka fente shi, kuma ba a yi jayayya kan ƙwarewar mai shi ba. Hoton dajin da aka kafa a bayansa ne aka samar da taimakon ƙirƙirarriyar basira.

Dokokin gasar a lokacin ba su ce komai a kan haka ba, kuma masu kare aikin sun tsaya a kan wannan. Sun ƙara da cewa ai masu fenti sun daɗe suna amfani da abubuwan da ba su suka yi ba: mutum-mutumin kansa kamfani ne ya sassaƙa, ciyawar roba da duwatsun da ake ƙawata gindinsa da su saye ake yi, tambarin kafaɗa ma akwai na mannawa.

Masu suka kuwa suka ce akwai bambanci. Hoton baya zane ne, gasar kuma ta zane ce. Wanda ya kwashe kwanaki yana ɗiga taurari a bayan nasa aikin, ta yaya za a auna shi da wanda ya rubuta wa kwamfuta umarni? Wasu suka ƙara da ƙorafin da masu zane ke yi a ko'ina, cewa an horar da waɗannan manhajoji ne da ayyukan mutane ba tare da izininsu ba.

Hujjar masu sukar ta fi nauyi, musamman a jigon sararin samaniya. Gajimaren taurari na daga cikin abubuwan da manhaja ke fitarwa cikin daƙiƙoƙi, kuma da kyau. Idan aka bar ƙofar a buɗe, ɓangaren da ya fi nuna haƙurin mai fenti shi ne zai fara zama aikin injin buga takarda.

Kafin gasar Essen ta watan Oktoban wannan shekarar, Games Workshop ya gyara dokokinsa, ya haramta amfani da ƙirƙirarriyar basira a ayyukan da ake shigarwa. A watan Janairun 2026 shugaban kamfanin, Kevin Rountree, ya shaida wa masu hannun jari cewa ba a yarda a yi amfani da ita wajen tsara kayayyakin kamfanin ba, haka ma a gasanninsa.

Ƙananan gasa na unguwa da na shaguna ba su da alƙalan da za su riƙe aiki a hannu, domin sau da yawa hoto ake turawa, kuma ana iya gyara hoto. Shi ya sa wasu masu shiryawa ke neman a nuna hotunan aiki mataki-mataki, daga ranar da sojan yake ruwan toka har zuwa ɗigon fari na ƙarshe a cikin idonsa.