Ko cire turbo na ƙara wa injin Mazda RX-7 kwana?

Tun bayan da kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya daina ƙera motar RX-7 a shekarar 2002, masu irin wannan mota ke neman hanyar da za su tsawaita kwanan injinta.

Ɗaya daga cikin dabarun da ake tafka muhawara a kai ita ce cire na'urorin turbo guda biyu da ke maƙale da injin, a bar shi ya riƙa shaƙar iska da kansa.

Batun dai na kuɗi ne. Idan injin ya lalace sai an sauke shi an wargaza gaba ɗaya, kuma makanikan da suka san kansa ba su da yawa.

Injin da ba shi da fistin

Injin RX-7 ya sha bamban da na sauran motoci. Wani injiniya Bajamushe, Felix Wankel, shi ne ya ƙirƙiro shi, aka kuma fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a 1957. Mazda ya sayi lasisin ƙera shi a 1961, ya fitar da motarsa ta farko mai irin injin, wato Cosmo Sport, a 1967.

A madadin fistin mai hawa da sauka, injin yana da wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a cikin kwanso. Yayin da yake juyawa ne yake zuƙo iska da fetur, ya matse su, su ƙone, sannan ya tura hayaƙi waje.

A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon kwanson don kada iskar da aka matse ta sulale. Aikinsa kamar na zoben fistin ne, kuma nan ne lagon injin yake. Saurin cinyewar waɗannan ƙarafa na daga cikin abin da ya jefa NSU cikin asara da motarsa Ro 80, har ta kai kamfanin ya koma hannun Volkswagen a 1969.

Me ya sa ake zargin turbo?

Samfuri na uku na RX-7, wanda ake kira FD, ya fito ne a 1991 da inji mai suna 13B-REW. Girmansa lita 1.3 ne kacal, amma yana ba da ƙarfin doki 255, daga baya ma ya kai 280.

Sirrin shi ne turbo biyun, waɗanda hayaƙin salansa ke juya su, su kuma su cusa ƙarin iska cikin injin. Na farko yana aiki tun daga ƙasa, na biyun kuma yana shigowa ne idan injin ya kai juyi kimanin 4,500 a minti ɗaya.

Sai dai wannan ƙarfi yana zuwa da zafi. Dama can hayaƙin injin Wankel ya fi na injin fistin zafi, ga shi kuma an cusa turbo biyu a wuri matsattse. Da tafiya ta yi tafiya, tarin ƙananan tiyo na roba da ke sarrafa su kan bushe su tsage.

Haɗari na farko shi ne fetur ya fashe kafin lokacinsa, abin da kan faru idan iska ta yi yawa man ya yi kaɗan, ko kuma man ba mai inganci ba ne. Injin fistin kan jure wannan na ɗan lokaci, amma a injin Wankel sau ɗaya ma ya isa ya karya ƙarfen kusurwa.

Na biyu kuma shi ne zafin da ya wuce kima. An jera injin ne hawa-hawa, alminiyam da baƙin ƙarfe, da zoben roba a tsakaninsu da ke hana ruwa shiga. Idan zafi ya lanƙwasa alminiyam ɗin, ruwan lagireto sai ya kutsa inda wuta ke ci.

Abin da ake samu, da wanda ake rasawa

Babu shakka cire turbo na rage matsi da zafi, ya kuma rage yiwuwar fashewar mai ba kan lokaci ba. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da tsofaffin samfuran RX-7 marasa turbo, waɗanda aka san su da daɗewa.

Har ila yau, motar Mazda 787B da ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1991 ba ta da turbo.

To amma waɗancan injuna tun daga tushe aka tsara su su yi aiki a haka. Shi kuwa 13B-REW an rage masa matsi da gangan zuwa kashi 9.0 bisa 1, saboda ana sa ran turbo zai cike giɓin. Na samfurin 1989 marar turbo yana da 9.7, da ƙarin ƙofofin shaƙar iska, amma duk da haka ƙarfin doki 160 yake bayarwa.

Ke nan wanda ya kwance turbo daga FD da wuya ya sami ko da wannan adadin, a motar da aka saya domin gudu.

Aikin kuma ba na kwance ƙusa kawai ba ne. Sai an sauya bututun salansa, an toshe hanyoyin mai da ruwa da ke zuwa turbo, an kuma sake saita kwamfutar da ke auna fetur. Idan ana son ƙarfi mai ma'ana, sai an buɗe injin an sa masa majuya masu matsi mai yawa.

Darasin RX-8

Motar RX-8, wadda aka sayar daga 2003 zuwa 2012, ta nuna cewa rashin turbo kaɗai ba ya wadatarwa. Injinta ba shi da turbo, amma ƙorafin raguwar matsi ya yi yawa, har Mazda ya tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko tafiyar mil 100,000.

Dalili kuwa shi ne ƙarafan kusurwar na dogaro ne da ɗan baƙin man da injin ke fesawa yana ƙonewa tare da fetur. Idan man ya gaza, ko dauɗar hayaƙi ta taru saboda gajerun tafiye-tafiye, za su cinye ko da turbo ko babu.

Shi ya sa da yawa daga masu FD kan bar turbo ɗin a matsinsa na asali, su sa lagireto mafi girma, su sauya tiyon roba, su cire matatar hayaƙi ta farko mai tara zafi a inda doka ta yarda. Wasu kuma kan ɗiga man inji irin na babur a cikin tankin fetur.

Shi kansa Mazda, da ya dawo da injin Wankel a 2023 cikin motar MX-30, bai sa masa turbo ba. Aikinsa a can shi ne juya janareto don cajin batir, ba juya tayoyi ba.