Jan kunnen da ke bayan ƙwallon PPSSPP

Duk ɗalibin da ke kai wayarsa shagon tura fina-finai a Mai'adua ko Kongolam ya san PPSSPP, manhajar da muke buga ƙwallon PES da ita a wayar Android. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa rubutunta a buɗe yake a GitHub, kowa na iya saukewa ya gina ta da kansa.

Henrik Rydgård, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da ita a 2012 da yaren C++. Aikinta kwaikwayo ne. Na'urar wasa ta PSP, wadda Sony ya fitar a 2004, tana da ƙwaƙwalwa samfurin MIPS, wayoyinmu kuwa ARM ne. Manhajar ce ke tsayawa tsakani, kamar ɗan canji tsakanin mai naira da mai sefa.

Kafin rubutu ya zama manhaja sai ya bi ta hannun kompaila, wato mai juya shi zuwa yaren na'ura. In ya ga babban kuskure, ya tsaya cak. In abin shakka ne kawai, sai ya rubuta gargaɗi ya wuce. A nan masu koyo ke yin tuntuɓe: tunda abu ya tashi, sai su kau da kai.

Ga misali. PSP da bit 32 take aiki, yawancin wayoyin yanzu kuwa bit 64. Idan aka zuba lamba mai bit 64 a mazubin bit 32, abin da ya yi yawa zubewa zai yi, kamar juye tiya a gwangwanin madara. Muddin lambar ƙarama ce ba a ganin komai. Ranar da ta girma, wasa ya mutu ana tsaka da bugun fanareti. Kompaila na iya faɗa tun farko, in an kunna masa wannan gargaɗin. Ko manya sun sha wannan: a Fabrairun 2014 aka gano layi ɗaya da aka maimaita a rubutun Apple, wanda ya sa iPhone ke tsallake wani binciken tsaro. Umarnin -Wall, duk da sunansa, bai kama shi ba. Sai an ƙara -Wunreachable-code a Clang.

Sai zaɓuɓɓukan gini, waɗanda ake saitawa a CMake. Kashe USE_FFMPEG yana rage nauyi, amma bidiyon cikin wasanni zai daina fitowa, don haka a ganinmu ribar ba ta kai asarar ba. USE_DISCORD kuwa a kashe shi ba wanda zai yi kuka a nan. Wanda ya fi yaudara shi ne -ffast-math: yana ƙara sauri ta hanyar sassauta dokokin lissafi, alhali manhajar kwaikwayo dole ta fitar da amsar da PSP za ta fitar, ba makamanciyarta ba.

Ga ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da kulob-kulob na sakandare, shawararmu a kunna -Werror a aikin aji, domin yana mayar da kowane gargaɗi kuskuren da sai an gyara. Amma a cire shi kafin a raba rubutun, saboda sabon kompaila na zuwa da sababbin gargaɗi, gini ya tsaya a kwamfutar wani. Wajen saukewa kuma a sa --recursive, a tanadi data, domin ɓangaren FFmpeg yana da nauyi.