Yadda Ake Mayar da Bas Ɗakin Kwana Mai Ratsa Daji

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan masarautar Zuru da damina, ko ta wajen Ribah da Wasagu, ko lungunan Fakai da Sakaba, ya san kwalta ba ta raka matafiyi har ƙarshe. Daga inda ta tsaya sai duwatsu, jar laka, da rafukan da ke cika bayan an ɗauke ruwa. Amma mai sayen hatsi, likitan dabbobi, ma'aikacin rigakafi da malamin gona dole su shiga, wani lokaci har su kwana. Irin waɗannan mutane ne suka fi kowa buƙatar motar da za ta kai su, ta kuma zame musu masauki.

Mayar da mota ɗakin kwana ba sabon abu ba ne. A shekarun 1970 da 1980, Turawa kan gyara Land Rover da bas ƙirar Volkswagen, su ratsa Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. A 2024 wata 'yar Najeriya, Pelumi Nubi, ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 daga Landan zuwa Legas, ta kuma shirya wurin kwana a cikinta. Nasu yawon buɗe ido ne, namu neman abinci, amma dabarar ɗaya ce.

Motar da ta fi dacewa a nan ita ce wadda makanikan gari suka san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sa wuya, kamar Toyota Hiace. Sai dai yawancin waɗanda ke hanyoyinmu ƙafafun baya ne kawai ke ja, don haka dole a taimaka musu. Farko taya: a sa mai manyan haƙora da kauri a gefe, a riƙe safaya biyu. A yashi ko laka, rage iska kaɗan yana faɗaɗa tafin tayar ta kama ƙasa, in an hau kwalta a mayar da iskar. Sannan mai walda ya ɗaura faifan ƙarfe a ƙarƙashin injin, domin dutse ɗaya ya isa ya fasa kwanon baƙin mai, tafiya ta ƙare nan take.

Inda ake yawan kuskure shi ne nauyi. Direbobinmu sun saba ƙara sifirin don motar ta ɗaga, kuma hakan na hana gindinta dukan ƙasa. Amma ƙarin sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ke nan jarkoki huɗu masu lita 25 sun ci kilo 100 tun ba a sa gado, batir da mutane ba. Ƙa'idar ita ce kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure tamau. Kariyar ɗora kaya ta saman mota ta tabarma ce da kaya marasa nauyi. In aka ɗaga mota sannan aka jibga mata lodi a ka, gangaren dutse ɗaya zai iya kifar da ita.

Cikin motar kuwa, a cire kujerun baya, a yi gadon katako mara nauyi wanda ƙarƙashinsa zai zama ma'ajiya. A sa soso tsakanin rufi da silin saboda zafin bazara, a buɗe mafitar iska a sama, tagogi kuma a sa musu raga don sauro. Wuta ta fito daga faifan sola da batir na biyu, dabam da na tayar da injin, don kada fanka da cajin waya su shanye shi cikin dare. Da wannan wutar, ƙaramin firji zai iya riƙe sanyin allurar rigakafi. Kada a kuskura a kunna gawayi, risho ko janareta a rufe: iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shebur, igiyar ja, jak da katakon ɗora shi, famfon iska da akwatin magani su kasance a ciki kullum. Rafi mai gudu kuwa, a jira ya janye.

Saura maganar tsaro. Yankunan Danko-Wasagu da Sakaba sun sha fama da 'yan bindiga, don haka kwana a tsakiyar daji ganganci ne. A isa gari kafin magariba, a gaida mai gari, a ajiye mota inda ya nuna.

Masu walda da makanikan Zuru suna da hannun wannan aiki. Abin da ake roƙonsu shi ne su riƙa lissafa nauyi kafin su kama ƙarfe, su kuma gaya wa mai mota gaskiya idan abin da ya nema ya fi ƙarfin motarsa.