Daga Kano zuwa Jidda awa nawa ne? Lissafa kafin ka yanko wa Hajiya tikiti

Idan kai ne mai babbar waya a gidanku, ka san aikinka. Ranar da Inna ta tashi tafiya Umara, kai za a miƙa wa tikiti a ce, “Duba mana, ƙarfe nawa za ta sauka?” Nan ne da yawa daga cikinmu ke kwafsawa.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan an miƙe. Jirgin fasinja na cin wajen kilomita 850 a awa, kenan awa huɗu, ka ɗora lokacin hawa da na sauka, ya kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan fa sai in an ratsa ta saman Chadi da Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi.

Sai maganar agogo, wadda ta fi rikita mutane. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgi ya tashi Kano 2:00 na rana ya sauka Jidda 8:30 na dare, sai ka ɗauka awa shida da rabi aka yi, alhali huɗu da rabi ne. A dawowa abin juyawa yake yi. Inna ta kira ta ce ƙarfe 10 na safe za su tashi, kai kuma ka ƙara awa huɗu da rabi, ka shirya isa Kano 2:30. Malam, tun 12:30 ta sauka. Tsohuwa na zaune da jakunkuna da jarkar zamzam, kai ko Wudil ba ka kai ba.

Jirgi ma shi ne mai sauƙin. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kusan awa biyu ne a mota, mutumin Gwaram kuwa ya ƙara wajen awa guda. A filin jirgi ana son matafiyi ya iso awa uku kafin tashi. Ka ga an ci awa biyar ko shida ƙafa ba ta bar ƙasa ba. Shi ya sa filin jirgin Dutse, da aka buɗe a 2014 zamanin Sule Lamido, ya zama rahama ga alhazan Jigawa lokacin Hajji. Masu Umara dai har yanzu mafi yawa Kano suke nufa.

Tikitin arha kuma, ka karanta shi sau biyu. EgyptAir sai ya bi ta Alkahira, Ethiopian ta Adis Ababa, kuma jiran jirgi na biyu na iya mai da tafiyar wuni guda cur. Kai saurayi ne, za ka kishingiɗa a benci kana Tiktok. Dattijuwa mai ciwon gwiwa, ba Turanci ba Larabci, ita kaɗai a baƙon filin jirgi fa? A ganina ragin bai kai wahalar ba.

Ka kuma duba inda za a fara sauka. Idan Madina ce, sai ta tashi tafiya Makka za ta ɗauki harami. Idan Jidda ce kuma Makka za ta wuce kai tsaye, jirgi na sama ake ƙetare miƙati. Don haka kayan da za ta yi harami da su su kasance a jikinta ko a jakar hannu, kada a tura su cikin babban akwati.