GASAR KEKE WADDA BA A TSERE



Hirarmu ta yau a kan keke take. Ɗan uwa mai karatu, ka san keke. In ba ka da shi, maƙwabcinka yana da shi. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwa, da shi yaro yake zuwa makaranta. Amma ka taɓa tambayar kanka: kilometir nawa kekena yake ci a sati guda? Yawancinmu ba mu sani ba, don ba mu taɓa rubutawa ba.

To, akwai wata ƙasa inda mutane suke rubutawa. Har sun mai da abin gasa tsakanin unguwa da unguwa, tsakanin gari da gari. Yau za mu gaya maka yadda wannan gasa take, da yadda mutum yake shiga ƙungiya, da abin da za ka iya ɗauka daga ciki.

INA AKE YIN TA?

Ƙasar ita ce Jamus, can cikin Turai. Jamusawa sun daɗe da keke. A can ne wani mutum mai suna Karl Drais ya ƙera kakan keke a shekarar 1817. Na katako ne, ƙafa biyu gare shi, ba shi da feda. Mutum yakan hau, yana tura ƙasa da ƙafafunsa.

Sunan gasar da Jamusanci Stadtradeln. Ma'anarsa: tuƙin keke na gari. An fara ta a shekarar 2008. Masu shirya ta wani ƙawance ne na garuruwa da ake kira Klima-Bündnis, wato ƙawancen kare yanayi. An kafa shi a 1990, ofishinsa yana birnin Frankfurt.

Da farko garuruwa kaɗan ne suka shiga. A hankali abin ya bazu. A shekarar 2023 garuruwa fiye da 2,000 suka shiga, mutane kuma sun wuce miliyan ɗaya.

BA TSERE BA NE

In ka ji an ce gasar keke, sai ka tuna da samari masu gudu, kowa yana so ya riga ɗan uwansa isa. Wannan ba haka take ba. Ba a tsayawa a layi. Ba a busa usur. Ba a tambayar wa ya fi sauri.

Ga yadda take. Kowane gari yana zaɓen kwana 21 a jere, wato sati uku, tsakanin 1 ga Mayu da 30 ga Satumba. Wannan shi ne lokacin da sanyi ya wuce a ƙasarsu. Cikin kwanakin nan, kowa yana ƙoƙari ya yi zirga-zirgarsa ta kullum a kan keke. Zuwa wurin aiki, zuwa kasuwa, zuwa gaida dangi, duk da keke. Sa'an nan ya rubuta kilometir nawa ya yi.

A ƙarshe sai a tara. A tara na mutum da na ƴan ƙungiyarsa. A tara na ƙungiyoyi duka, a sami na gari. Sai a gwada gari da gari. Babban birni ana gwada shi da babban birni, ƙaramin gari da ƙaramin gari, don kada a yi rashin adalci.

Ka gani ke nan, tsoho mai tafiya sannu yana da wuri a ciki. Mace mai kai ɗanta makaranta tana da wuri. Kilometir ɗinsu daidai yake da na saurayi mai ƙarfi. Da yayyafi kogi yake cika.

YAYA MUTUM YAKE SHIGA ƘUNGIYA?

A ce kana zaune a wani gari na Jamus, kana so ka shiga. Ga matakan da za ka bi.

Na ɗaya. Ka bincika ko garinku ya shiga. Hukumar gari ce take rubuta sunan gari, ita take faɗin ranar farawa da ranar gamawa. Kai ba ka biyan kome.

Na biyu. Ka tabbata kana da alaƙa da garin. Ko kana zaune a ciki, ko kana aiki a ciki, ko kana karatu a ciki, ko kana cikin wata ƙungiya ta garin.

Na uku. Ka zaɓi ƙungiya. Ba a shiga gasar nan mutum shi kaɗai. Akwai ƙungiyar ƴan unguwa, akwai ta ma'aikatan wuri guda, akwai ta ƴan makaranta, akwai ta iyali. In ba ka ga wadda ta yi maka ba, kana iya kafa taka. Mutum biyu sun isa su zama ƙungiya. Wanda ya kafa ta shi ne jagoranta. In kuwa kai baƙo ne, ba ka san kowa ba, akwai ƙungiya buɗaɗɗiya a kowane gari, wadda kowa yake iya shiga.

Na huɗu. Ka ba da sunanka a rubuta. Ka tsaya a ƙungiya guda cikin garin. Kilometir guda ba a rubuta shi sau biyu.

Me ya sa aka ce sai da ƙungiya? Don an san halin ɗan Adam. Mutum shi kaɗai yakan fara da zafi, kwana uku ya yi sanyi. Amma in ya san abokansa suna duban lissafi, suna jiran nasa, sai ya ji kunya ya bar keke a jingine. Ran da ya gaji, wani zai ƙarfafa shi. Ran da tayarsa ta sace, wani zai taya shi faci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

YAYA AKE RUBUTA KILOMETIR?

Hanya uku ce. Wasu suna sa wani tsari cikin wayar salula, wayar ta auna tafiyar da kanta. Wasu suna rubutawa ta intanet. Wanda ba shi da waya ko intanet, ana ba shi takarda mai layi-layi. Ya cika ta da hannunsa, ya miƙa wa mai kula da gasar a garin, a shigar masa.

Ba dole ne tafiyar ta kasance cikin garinku ba. In ka tuƙa keke a wani wuri, ana lissafa maka. Amma akwai abin da ba a lissafawa. Keken motsa jiki da ake kafewa a ɗaki, wanda ba ya zuwa ko'ina, ba a lissafa shi. Tseren ƴan wasa shi ma ba a lissafa shi. Bayan kwana 21 sun cika, ana ba da sati guda don wanda bai gama rubuta nasa ba ya rubuta. Daga nan an rufe.

Ka lura da wannan, ɗan uwa. Mutum yana iya tuƙa keke har gumi ya jiƙa rigarsa. In bai rubuta ba, ƙungiyarsa ba ta samu kome ba. Aikin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

MU YI LISSAFI TARE

Ɗauko kayenka da bik, mu gwada misali.

A ce daga gidanka zuwa wurin aikinka kilometir 3 ne. Zuwa 3, dawowa 3. Ka yi 6 a yini. Ka yi haka kwana 21. Rubuta: 6 sau 21. Ka samu 126.

A ce ku goma ne a ƙungiyarku, kowa ya yi kamar kai. Rubuta: 126 sau 10. Kun samu kilometir 1,260. Ka san tsawon wannan? Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilometir 900 ne. Kun wuce shi ke nan, alhali ba wanda ya kwana a hanya.

Yanzu a ce akwai wata ƙungiya ta mutum huɗu. Su sun tara kilometir 600. Wa ya ci? In jimla aka duba, ku kuka ci, don 1,260 ta fi 600. Amma raba 600 gida huɗu. Kowannensu ya yi 150. Ku kuwa kowa 126 ya yi. In ƙoƙarin kowane mutum aka duba, su suka ci. Shi ya sa garuruwa da yawa suke yabon iri biyu: ƙungiyar da ta fi jimla, da wadda ta fi yawan kilometir a kan kowane mutum. Tarawa, da ninkawa, da rabawa, duk ga amfaninsu a wuri guda.

GASKIYA ITA CE GINSHIƘI

Wata tambaya za ta zo maka. Wa yake bin mutum a baya ya ga ko ya yi tafiyar? Ba kowa. Masu shirya gasar sun dogara ga gaskiyar mutane. In an ga lissafin da hankali ba ya ɗauka, ana iya tambayar mai shi. Ban da wannan, amana ce.

Mai ƙara lamba yana tsammani ya taimaki ƙungiyarsa. Cutar ta ya yi. Ran da aka gane, ba wanda zai ƙara yarda da takardarsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya yi kilometir 2 ya rubuta 2, ya fi wanda ya yi 5 ya rubuta 10.

MENE NE AMFANINTA?

Amfani na farko lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a sati. Minti 30 ke nan a yini, kwana biyar. Mai zuwa aiki da keke yana samun wannan ba tare da ya ware wani lokaci ba.

Na biyu aljihu. Keke ba ya shan mai.

Na uku iska. Lita guda ta man mota in ta ƙone, tana sakin iskar karbon mai nauyin fiye da kilo 2. Wannan iska tana taruwa a sama, tana riƙe zafin rana, duniya tana ƙara ɗumi. A Jamus motoci sun yi yawa, kuma sau da yawa gajeriyar tafiya ake yi da su, wadda keke zai iya. Don rage wannan aka ƙirƙiro gasar. Akwai ma masu ɗaukar alkawari na musamman: kwana 21 ba za su shiga ƙaramar mota ba, ko da wani ne yake tuƙi.

Na huɗu shi ne babba. Gasar tana kiran ƴan majalisar gari su ma su hau keke, har ana ba da lambar yabo ga majalisar da ta fi ƙoƙari. Me ya sa? Don mai zama cikin mota bai san wahalar mai keke ba. Sai ya hau da kansa zai ga ramin da ke kan hanya, ya ga mararrabar da ke da haɗari. Gani ya kori ji. A garuruwa da yawa kuma akwai wani tsari mai suna RADar!, inda mai keke yake nuna wurin da hanya ta lalace, saƙon ya tafi ga hukumar gari. In mutum guda ya yi kuka, ana iya ƙyale shi. In mutum dubu suka zo da lissafi a rubuce, magana ta yi nauyi.

MU FA?

Wannan gasa ta Jamus ce, da hanyoyinsu da wayoyinsu. Amma gindinta abu uku ne kawai: keke, da ƙungiya, da rubutu. In ku ƴan aji kuna so ku gwada, ga shawara.

Ku zaɓi lokacin sanyi, kada ku sa ta a bazara. Ku raba kanku ƙungiya biyu ko uku. Kowace ƙungiya ta sami kaye guda, a ja layi huɗu: suna, rana, inda aka je, kilometir. Hanyar da kuke bi kullum, ku nemi tsawonta sau ɗaya. Ku duba duwatsun kilometir na bakin babbar hanya, ko ku roƙi mai babur ya auna muku da agogon babur ɗinsa. Wanda ba shi da keke yana iya riƙe kaye, ya zama magatakarda. Kowane ƙarshen sati ku zauna tare da malaminku ku tara.

Kafin ka hau, ka duba burki, ka duba iskar taya, ka sa wa kaca mai. Ka bi hannun dama. Da dare kada ka fita ba fitila. Ka riƙe ruwan sha. In kana da ciwon zuciya ko numfashi, ka ga likita tukuna. Kilometir ba ya maye gurbin rai.

Ranar 3 ga Yuni ita ce ranar keke ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da ita a shekarar 2018. Kafin ta zagayo, ka yi ƙoƙari ka san amsar tambayar da muka fara da ita.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Kwana nawa ake yi ana gasar?
2. Mutum nawa ne suka isa su zama ƙungiya?
3. Mutum ya yi kilometir 8 kullum har kwana 21. Nawa ya tara?
4. Ƙungiyar mutum 5 ta tara kilometir 700. Nawa ne rabon kowa?
5. Wane wuri ne a hanyar garinku ya fi ba masu keke wahala? Rubuta sunansa.

Sai wani sati in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.