Kafin ka biya kuɗin tsohuwar 4x4 a Figil

A tashoshin Figil da Gidar akwai maganar da dillalai suka saba yi: Toyota ba ta mutuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ta sa mutane da dama sun sayar da shanu sun sayi wahala. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne, wane inji ne a cikin wannan motar, kuma wa ya riƙe ta kafin ta iso nan?

Babu mai musun cewa ana bukatar 4x4 a Mayo Luti. Kwaltar da ta taso daga Garwa ta bi ta Figil zuwa Marwa ba ta shiga ƙauyukan auduga, kuma daga Yuni zuwa Satumba rafuka kan cika, laka ta riƙe ƙaramar mota. Sai dai motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, da masu biyowa ta Kwatano da Najeriya, ba don hanyoyinmu aka ƙera da yawansu ba.

A nan ne batun inji ya fi nauyi. Tsohon injin dizal 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2 na Land Cruiser, wanda Toyota ta fara yi a 1990, da 5L na Hilux, ba su da gudu, amma famfon mansu na ƙarfe ne zalla, kuma bakanike a Figil zai kwance su ya mayar. Sababbin injina irin D-4D kuwa kwamfuta ce ke sarrafa nozul ɗinsu, ɗan ruwa ko ƙura a mai kan lalata su. Mu kuma mun san irin man zuwa-zuwan da ake sayarwa cikin jarka a bakin hanya. Motocin dizal na Turai na wajen 2011 zuwa sama suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda man da ba shi da tsabta kan toshe. In ta toshe sai mota ta rage ƙarfi da kanta, sai an kai ta Garwa wurin mai na'ura. A ganina, wanda aikinsa na daji ne gara ya ɗauki tsohuwar da kowa ya iya gyarawa, ko da ba ta da kyan gani.

Je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin da safe yana sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. A buɗe murfin baƙin mai: in ya yi fari-fari kamar madara, ruwa na shiga inji. A duba lagireto da kyau, domin zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Sannan a shiga ƙarƙashi. Gishirin da ake zubawa kan titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin shasi, kuma sabon baƙin fenti a wurin abin zargi ne. Lambar kilomita kuwa, ana juya ta baya. Gogewar sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Tambayi mai motar yaushe aka canza bel ɗin taimin. In mai motar ya yi shiru, sa kuɗin canjin cikin ciniki.

Abin mamaki, da yawa kan sayi 4x4 ba su gwada giyar ƙafa huɗun ba. Sauka daga kwalta, shiga yashi, sa H4, sa L4, ka ji ko tayoyin gaba suna ja.

Takardu ma a duba su. Lambar shasi ta dace da ta kart giriz (takardar mota), a ga shaidar biyan duwan (kwastam) da ta bizit teknik (gwajin lafiyar mota). Motar da ta tsallako iyaka ba a biya mata ba, komai arharta, shingen farko zai iya raba ka da ita.

Kada kuma ka zuba duk abin hannunka a ciniki. Tayoyi huɗu, batir, filtoci da canjin mai suna jiran sabon mai mota tun watan farko.