Aljanar da Aka Bari a Cikin Kaset

Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san cewa, komai yawan ruwan da aka zuba, sawun tawadar jiya yakan tsaya a jikin itacen, har mai lura ya iya hango darasin da ya wuce a ƙarƙashin na yau. Misalin haka ne ya auku ga wani wasan kaifafa ƙwaƙwalwa wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2000 domin na'urar hannu mai suna Game Boy Color.

Asalinsa wani wasa ne da ake kira Panel de Pon, wanda ma'aikatan Intelligent Systems suka tsara, ya fito a Japan a 1995. Ƙa'idarsa ba wuya: tubala masu launi iri-iri suna tasowa daga ƙasa sannu a hankali, mai wasa kuwa yana musanya biyu da ke maƙwabtaka har ya jera uku ko fiye masu launi ɗaya su ɓace, kafin tarin ya taɓa sama. Taurarinsa 'yan aljanu ne mata irin na tatsuniya, jagorarsu Lip, aljanar furanni.

To, da aka zo kai shi Amurka a 1996, sai aka kawar da aljanun nan baki ɗaya, aka zuba wani tauraron wasanni mai suna Yoshi da abokansa a gurbinsu, sannan aka laƙaba masa suna Tetris Attack, alhali kuwa babu wata nasaba tsakaninsa da Tetris, domin a can tubala faɗowa suke yi, a nan kuwa tasowa. A ganina wannan rashin adalci ne ga masu zanen, waɗanda suka ɓata lokacinsu suka ba kowace aljana sura da ɗabi'a, aka kuma yanke hukunci a madadin yaran wata ƙasa tun ba a nuna musu ba.

Karo na biyu, wato na wasan 2000 ɗin nan, ya fi ban tausayi. An fara gina wa Lip wasanta na na'urar hannu, aiki ya yi nisa, sai aka juya shi ya koma na Pokémon, wanda kasuwarsa ke ci a wancan zamani. A Japan aka kira shi Pokémon de Panepon, a Amurka da Turai kuma Pokémon Puzzle Challenge. Amma ba a goge na farkon ba. Galibi masu tsara wasanni sukan bar irin wannan saura ne saboda cire shi yana iya rusa abin da aka gina a kansa, rufe ƙofa kuwa ya fi rushe ɗaki sauƙi. Sai dai a nan har mabuɗi aka ajiye, abin da ke sa ni zaton da gangan aka yi.

Bayan shekaru masu yawa ne masu bincike, waɗanda ke bin rubutun kaset dalla-dalla kamar yadda malami ke bin hashiyar tsohon littafi, suka gano shi. Idan aka sa kaset ɗin a tsohuwar Game Boy marar launi, sanarwa takan fito cewa wasan ba na wannan na'ura ba ne. Wanda ya danna maɓallan a kan wani jeri na musamman a daidai wurin nan, sai sanarwar ta kau, wasan Lip ya buɗe, da sunansa na asali, ko da yake ba a kammala shi ba.